Dodon da Iya ta ƙi siffanta mana

A Challawa aka haife ni, tun tana ƙauye, tun ba a kafa kamfanonin fata ba. Inda manyan motoci ke juyawa yanzu, nan gonar geronmu take. Idan an yi sallar isha'i, sai mu kewaye murhun kakata, Iya Dije, muna gasa gyaɗa a toka. Ba ta buɗe baki sai kowa ya naɗe ƙafa. Sannan ta ce, "Ga ta tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, Iya."

Akwai tatsuniya guda da ta fi yi mana. Wai wani dodo ne ya tare a mashayar gari. Duk wadda ta zo ɗibar ruwa sai ya ce, "Dube ni, ki faɗi abin da kika gani." Sai ta runtse ido, ta yar da tulu, ta ruga. Kullum yana ƙara girma, gari yana ƙara ƙishirwa. Ran nan wata yarinya da ƙanenta ke kwance cikin zazzaɓi ta ɗauki tulu ta tafi. Da ya yi mata tambayar, ta buɗe ido, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta faɗa masa abin da ta gani. Tana faɗa yana motsewa, har ya koma kamar kwaɗo. Ta ture shi da ƙafa, ta cika tulunta.

"Iya, me ta gani? Yaya kamanninsa?"

"Ke kika sani. Nawa daban, naki daban."

Mun yi magiya, mun yi fushi, har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba.

Yau ni ce kakar. Tun da jikata Rukayya, wadda ke aiki a kamfanin leda a Sharada, ta fara nuna wa ƙannenta fim a waya, tabarmata ta soma zama fili. Bara ta dage sai ta kai ni silima tare da su. A zamaninmu mace ba ta taka ƙofar wurin, amma ta ce, "Tsohuwa, kin ishi yara da dodon da ba shi da fuska. Zo ki ga na gaske." Na ɗauki mayafina.

Da rana tsaka muka shiga, ciki duhu, sanyi kamar cikin randa. Turanci suke, ban ji ko kalma ba, amma na ga maciji mai fikafikai, ya fi tirela girma, yana aman wuta a kan gari. Ba zan yi ƙarya ba, na riƙe kujera na yi salati. Da na waiga kuwa, kowa dodo ɗaya yake gani, yana taunar gugguru. Wani saurayi mai takobi ya kashe musu shi, suka tafa, aka kunna fitila.

Rukayya ta ce, "To, tsohuwa, yaya? A naɗe tabarma?"

"Ja'ira. Dodon wani kuka aro, wani kuma ya kashe muku. Ku me kuka yi?"

Da muka koma gida na shimfiɗa tabarmata. Ummi ce kaɗai ta zauna, 'yar ɗana Sani, mai shekara bakwai. Sauran suka tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Da na kai wurin mashaya a tatsuniyar, wani daga cikinsu ya ce, "Kaka, irin na fim ne? Yana aman wuta?"

Na san in na ce e, duk za su shigo. Na ce, "A'a. Ban san naku ba."

Suka watse. Na zauna da yarinya ɗaya.

Can Ummi ta ce a hankali, "Nawa ba shi da fikafikai. Ƙara yake yi. Shi ya cinye yatsun Baba."

Wata huɗu ke nan da inji ya yanke wa Sani yatsu biyu a wani kamfani a Bompai. Tun daga ranar yarinyar nan ba ta yarda ya taɓa ta, mu kuwa mun ɗauka ƙiwuya ce.

Na ce, "Kada ki runtse ido. Dube shi da kyau, faɗa mini sauran."

Ta faɗa: haƙoran ƙarfe, warin mai, kuma wai yana biyo Baba gida, yana laɓe cikin hannun rigarsa. Tana faɗa tana kuka, ban tsayar da ita ba. Washegari da Sani ya dawo daga aiki, ta je ta naɗe masa hannun riga, ta leƙa, sannan ta kama hannun ta riƙe.

Sai da na yi furfura na gane abin da ya sa Iya ta kame bakinta. Da ta ba mu nata, da mun ji tsoro na dare ɗaya, namu kuwa yana nan zaune bai motse ba. Su je silima, ban hana ba, ni ma na sha kallo. Amma ko yaro ɗaya ne ya rage a gabana, ba zan zana masa fuskar dodo ba. Shi zai duba, shi zai faɗa.