Ɓawon Piñon a Murhun Doña Fresia

Don Heriberto Antilef, wanda na koyar da 'ya'yansa a firamare, itacen girki ya fara sayarwa a garin Temuco na ƙasar Chile, inda hunturu ke kamawa a watan Yuli. Da hayaƙi ya addabi gari, mutane suka koma ga murhun da ke cin ƙwayoyin garin katako, sai cinikinsa ya mutu. Bai zauna zaman makoki ba. Ya kwance wani tsohon murhu, ya ga cewa murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura ƙwayoyin daga rumbu zuwa wuta ɗan'uwan na injin niƙa nama ne, ya yi dariya, ya zama mai gyara.

Wata safiya a tsakiyar sanyin Yuli, murhun maƙwabciyata Doña Fresia ya tsaya cak, alhali a ranar za a kawo jikarta jaririya daga asibiti. Gidan ya yi sanyi ƙarara. Surukinta kuwa ya ce idan babu ɗumi, gidan uwarsa zai wuce da matarsa mai jego.

Aka kira Heriberto, ya zo ya cire soket ɗin lantarkin murhun, ya kwashe rumbun, ya kwance notuna, ya zaro ƙarfen. Ɓawon piñon, 'ya'yan itacen da ake dafawa a ci a lokacin sanyi, shi ne ya cushe shi tam.

"Maƙwabciya, wa ya ciyar da shi wannan?"

"Ni mana! Kai ka ce kada in buɗe ƙofar wuta. To, ta sama na zuba masa, cikin rumbu."

"Ai wannan ba murhun kakarki ba ne mai cin kome. Wannan ɗan gata ne, cikinsa ba ya son canjin abinci."

"Ɗan gata? Tun da aka haife ni ban taɓa jefa ɓawo a shara ba. Tsohon mai itace zai koya mini wuta!"

"Tsohon mai itacen nan ne zai fitar da ke kunya yau. Ɗora mana ruwan shayin mate."

Ya kankare ƙarfen, ya sauya zoben da ya cinye, ya shafa giris, ya mayar da kome mazauninsa. Ya mayar da soket, ya kunna. Can sai ƙwayoyi suka fara faɗowa, ƙas, ƙas, wuta ta kama.

Kafin azahar mota ta tsaya a ƙofa. Surukin ya shigo shi kaɗai, ya tsaya a tsakar ɗaki yana auna iska da tafin hannu. Sannan ya tuɓe rigar sanyinsa, ya leƙa waje, ya ce, "Ku shigo da jaririyar."