Siddiƙu Mai Awon Albarushi

Duk wanda ya sayi gero a kasuwar Sakkwato a shekarun nan da kuɗin mai ya fara ɗibar mutane, ya san Siddiƙu ɗan Mode na Ƙofar Marke. Gajere ne, siriri, ga nacin tsiya. Awon hatsi ne sana'arsa, kuma mudunsa na safe shi ne na marece. Ko surukarsa ce ta zo, ba ya ƙara mata ƙwaya, ba ya rage mata. Mata suna yi masa tsiya wai hannunsa ba ya zuba, amma gobe wurinsa za su dawo.

Abin da ba kowa ya sani ba, wannan ɗan mutumin ɗan bindiga ne, gado kuwa ba haye ba. Mahaifinsa Mode ya rasu bai bar masa gona ba, bai bar masa jaki ba, sai bindigar toka guda mai doguwar hanci, wadda gumin tafin tsohon ya mayar da kotarta baƙa. Su goma sha biyu ne 'yan bindigar unguwar, ana kiransu biki da tarbar alhazai su yi harbin sama, gari ya san ana murna. Shugabansu Tambari, abokin Mode ne tun suna yara, ƙaton dattijo mai murya kamar ganga.

To, ga yadda suke ɗuri tun kaka da kakanni. Mutum ya zuba albarushi daga ƙaho, ya tura tsumma, ya zura sandar ɗuri ya daddanna, sannan ya auna abin da ya rage na sandar a waje da yatsunsa. Yatsa uku ne ƙa'ida. Haka aka gada, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yatsun wa ake nufi.

Sai zamani ya juya. Direbobin manyan motoci suka fara kawo wani albarushi daga kudu, mai laushi, mai zafin rai, ba irin na gida ba. 'Yan kwangila kuma suka yi yawa, kowa yana so a ce harbin gidansa ne ya kai har unguwar Gidan Dare. Samari suka shiga ƙara rabin yatsa a ɓoye. A shekarar da soja suka raba jiha, bindiga biyu ta fashe cikin wata uku. Ta biyun a hannun Sule maɗinki, ɗaya daga cikin su goma sha biyun, ta tashi, ta tafi da babban yatsansa, mutumin da allura ce abincinsa. Siddiƙu ne ya ɗaure masa hannun da rawaninsa.

Kashegari wani sufeton 'yan sanda ya zo zauren Tambari da littafi. Bai yi faɗa ba, ya dai rubuta bindigogin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce zamanin soja ne, ba a wasa da abin da ke ƙara. In aka sake samun ko guda ta fashe, zai kwashe su duka a kai maƙera a sassare. Ya kuma ce ya ji Alhaji Abdulwahabu ɗan kwangila zai sauka daga Makka nan da kwana ashirin, to shi ma zai zo tarba.

Tsoro ya kama Siddiƙu, tsoro na gaske. Bindigar Mode ce ta bakwai a littafin nan, kuma ita ce kaɗai abin da yake taɓawa ya ji kamar ya taɓa ubansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya shigo zauren da ƙwarya cike da rairayi da faifai goma sha biyu. Ya durƙusa gaban Tambari.

"Baba, alhwarma nika roƙo. Kowa shi ɗura yatsa uku na rairai cikin bindigag ga tawa, shi juye bisa hwaihwai."

"Mi kaka nuhi? Wasan ƙasa munka koma?" in ji Tambari.

Aka yi dariya, amma aka yi abin da ya ce, don a ga ƙarshen haukar. Da aka jera faya-fayan sai kowa ya matso yana dubawa. Tuli goma sha biyu, ba biyun da suka yi daidai. Na Siddiƙu ɗan tsibi ne. Na Tambari, mai yatsu kamar rogo, ya kusa ninka shi.

"Dukanmu yatsa uku munka ce, Baba," in ji Siddiƙu.

Tambari ya sa ƙafa ya ture faifansa. "Rairai ba albarushi ba ne! Shekara arba'in nika harbi, kai kana goye. Ɗan awon gero za shi koya man ɗuri?"

Ya tashi ya shige gida. Ai kuwa ran Siddiƙu ya ɓaci, don a gaban mutane aka yi, amma mai naci ba ya fushi ya bar abu. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfa, ya bi sauran goman gida gida yana karɓar bindigoginsu. Sule ba ya iya riƙewa, ƙanensa ne ya maye gurbinsa da sabuwar bindiga. Kullum da hantsi Siddiƙu yana bayan gari. Ya ɗaure bindiga a jikin bagaruwa, ya ɗaura zare a kunamarta, ya koma bayan tudu ya ja. Da kaɗan yake farawa, yana ƙarawa sannu sannu, har ya ji ƙarar ta cika, sai ya tsaya nan, ko da zuciya tana ce masa ƙara. Sannan ya yanka gora daidai wannan awon, ya yi mata zane iri ɗaya da wanda ya yi wa kotar bindigar, don kada a musanya. Kowace bindiga da gorarta, don wata bakinta ya fi na wata faɗi. In zai auna, sai ya cika gorar ya shafe bakinta da tsinke, saboda shi ya fi kowa sanin cewa a tsororo ake cuta. Matarsa Zulaihatu ta yayyanka takardar buhun siminti, abin da ya cika gari a lokacin, suna ƙunshe kowane awo daban. Masu wucewa suna ce masa ko yaji ya koma sayarwa, ya ce Allah ya ba su haƙuri.

Ranar da Alhaji ya sauka, Ƙofar Marke ta cika har kan katanga. Ga 'yan bindigar Gidan Dare sun zo kallo, sun ji labarin harbin ƙunshi, bakinsu ɗauke da dariya. Ga sufeto a inuwa da littafinsa. Mutum goma sha ɗaya suka kwance ƙunshi suka ɗura. Tambari kuwa ya ciro ƙahonsa, ya zuba sabon albarushin nan da ido, ya danna. Siddiƙu ya hango sandar tana tsaye a bakin bindigar, ta yi tsawon da bai taɓa gani ba. Tsohon ya ƙara yatsa, don kada baƙi su raina unguwarsa.

An fara jin hon ɗin motocin Alhaji. Siddiƙu ya ratsa layi, ya durƙusa kamar mai gaisuwa, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai su biyu.

"Baba, hannunka naka ne, ba ni da iko da shi. Amma in ta hwashe, da ta Mode za a sassare su. Kai kar riƙa mashi ita ranar da yas saye ta."

Tambari bai dube shi ba. Sandar ya ƙura wa ido. Motar farko ta karyo kwana. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki butar wani mai shirin alwala, ya tuttula ruwa a bakin bindigarsa har ya tumbatso. Ya jingine ta a bango, ya fito gaban layi hannu wofi, ya ɗaga hularsa sama.

"Ku shirya! In na sake ta, ku sake!"

Hula ta faɗi. Wallahi ba harbi goma sha ɗaya aka ji ba, guda ɗaya aka ji, dim! Da can kowace da muryarta, wannan ta yi tari, waccan ta yi tsawa. Yau bakinsu ya zo ɗaya, har tantabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya, mata suka ɓarke da guɗa. Aka sake, aka kuma sakewa, har sau bakwai. Mutanen Gidan Dare suka haɗiye dariyarsu, ɗayansu ma ya tsuguna yana tsintar takardun siminti yana shinshinawa. Da hayaƙi ya lafa, sufeto ya bi layi yana duba bakin kowace bindiga da hannun mai ita. Ya rufe littafinsa, ya yi wa Alhaji barka da sauka, ya hau babur ɗinsa.

Siddiƙu ya rungume bindigar ubansa tana da zafi, ya yi ta dariya, hawaye na bin baƙin hayaƙin da ke fuskarsa. Bai damu da wanda ya gani ba.

Ya ƙara shekara goma sha tara yana awon gero da safe, yana yanka gora da yamma, har mutanen Gidan Dare da na ƙauyuka suna kawo masa nasu, kuma ba a sake jin bindigar Ƙofar Marke ta ci mai ita ba. Amma in an tambaye shi ranar da ta fi masa daɗi, ba ranar harbin yake faɗa ba, kashegarinta yake faɗa. Yana cikin auna wa wata mata dawa sai inuwa ta rufe rumfar. Tambari ne, da bindigarsa a nannaɗe cikin tsohon bargo. Ya ajiye ta kan buhu, ya yi gyaran murya, yana kallon wani wuri daban.

"Ɗan Mode," ya ce, "na shanya ta, ta bushe. Yanka mata gora tata."