Yadda Garin Rogo Ya Kusa Raba Mu da Garin Rogo

Daga Kano

Na yi sallar asuba da jakata a gefe, ana sallamewa na nufi Kabuga. Maiɗakina ta ce in tsaya in kurɓi koko, na ce mata wanda kamfaninsu ke shirin rasa waken shekara guda ba ta koko yake ba.

Ga abin da ya tashe ni. Ni ne jami'in hulɗa da jama'a na wani ɗan kamfani da ke haɗa abincin kaji a Kano. Masara da waken suya muke saye, a da har garin rogo mukan ɗan zuba. Yawancin wakenmu daga Rogo yake zuwa, ta hannun wani dillalin hatsi, Alhaji Isyaku, wanda ya tsaya mana a gaban manoma tun muna sayen buhu ɗai-ɗai. To, sai Manajanmu ya yanke shawarar daina zuba garin rogo a abincin. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwon rubuta komai da manyan baƙaƙe, kuma ba ya nuna wa kowa kafin ya tura. Ya aika wa duk dillalanmu saƙo a waya: DAGA BANA BA RUWANMU DA GARIN ROGO, ASARA KAWAI YAKE JAWO MANA.

A baki, ko yaro ba ya rikita garin da ake jiƙawa da garin da ake kwana a cikinsa. A rubuce kuwa tagwaye ne. Saƙon ya bazu a wayoyin manoma, Alhaji Isyaku ya daina ɗaga kiranmu, sannan muka ji wasu masu saye daga wata jiha za su zo da motoci ranar kasuwa, wato washegarin ranar da nake ba ku labari. In suka kwashe waken, injinanmu za su kwanta. Manaja ya ce zai sake rubuta wa manoman cewa ba su fahimta ba. Na roƙe shi don Allah ya ajiye wayar nan, zuwa da kai ya fi saƙo.

Motar haya na shiga, muka miƙi titin Gwarzo gari yana wayewa. Direban, wani dogo da ake kira Ɗan'azumi, duk shingen da muka isa sai ya leƙo ya yi wa jami'an barka da aiki kamar surukansa, su kuma su ɗaga mana hannu. Ban san na shiga makaranta ba sai da wani fasinja a bayana ya ce, "Kun ji kamfanin nan na kaji ya ce mutanen Rogo asara ne?"

Na kusa da shi ya ce, "Ai ni cewa aka yi sun ce muna zuba tsakuwa a wake."

Wata dattijuwa ta ce, "Allah Ya kyauta. Sun ƙoshi ne."

A hankali na juya jakata, na kife tambarin kamfanin a kan cinyata. Na buɗe kunnuwa. Maganar tsakuwa babu ita a saƙon Manaja, a hanya ta tsiro. Duk kamfanin da ya yi shiru, wasu za su yi magana a madadinsa, kuma ba za su rage masa komai ba.

Karaye

Da hantsi muka sauka Karaye. Na biya gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta ajiye min waina da miyar taushe. Sai da muka gaisa kan gida da yara da amfanin gona, sannan na zayyana mata. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi.

Ta ce, "To yanzu, Nura, ina za ka fara?"

Na ce, "Kasuwa, Gwaggo. In tara manoman in yi musu bayani."

Ta ce, "Ka tsallake wanda ya kai ku garin ke nan? Shi aka kunyata, ba buhunan wake ba. Da ɗan gari akan ci gari."

Ta yi gaskiya, ni kuma gaggawa ce ta rufe min ido. Ta aika aka sayo min goro mai kyau, aka naɗe a ganye, ta ce kada in kuskura in fara da zancen wake.

Daga nan ɗan acaɓa na hau. Muka yi ciniki ya ce mai ya yi tsada, na ce ni ma rayuwa ta yi min tsada, muka daidaita. Kaka ce, ko'ina an tara dammunan dawa, ga mata suna sheƙar wake a bakin hanya. Duk tarin da na gani sai in hau tunanin motar wa zai hau gobe.

Rogo Sabon Gari

Bayan azahar na yi sallama a ƙofar gidan Alhaji Isyaku. Ya fito, ya amsa gaisuwata tsaf, babu wadda ya rage: gajiya, hanya, mutanen Kano, har ya tambayi lafiyar Manaja. Amma tabarmar da aka shimfiɗa min a waje take, ba a cikin zaure ba inda na saba zama. Na gane karatun.

Na ajiye goro, na ce, "Alhaji, ban zo kare kamfani ba. Mun yi magana ba daidai ba, na zo in ji irin ɓarnar da ta yi."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Malam Nura, ni na bi mutanen nan gona-gona na ce ku 'yan amana ne. Yanzu in na shiga masallaci sai a ce ga wakilin masu cewa mu asara ne. Da wane ido zan kalle su?"

Na bar shi ya faɗi duk abin da ke cikinsa, ban katse shi ba ko sau ɗaya, ko da yake bayanin yana ta ƙaiƙayi a harshena. Da ya gama na roƙi alfarma ɗaya: ya tara min manoman a nan ƙofar gidansa, a gabansa.

Bayan la'asar suka hallara, fuskoki a ɗaure. Na miƙe na fito da waya, na karanta saƙon da ƙarfi yadda Manaja ya nufa, na ja wasalin kalmar "gari" har sai da kowa ya ji garin jiƙawa nake nufi, na kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Can wani ya ce, "Au, na ci?" Dariya ta fara tashi daga baya.

Ban gama sauke numfashi ba wani dattijo, Malam Garba, ya ɗaga sandarsa. Ya ce, "Yaro, dakata. Mu ba mu taɓa sayar muku da garin rogo ba. In shi kuke nufi, me ya kawo saƙon wurinmu? Ko dai kun ga wake zai kuɓuce ne kuka juya magana?"

Dariyar ta ɗauke. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta yi mana kyau ba. Na ce, "Baba, gaskiya ita ce an tura wa kowa ne a lokaci ɗaya, ba a tsaya an ware wanda abin ya shafa ba. Ganganci ne. Kuma e, muna tsoron rasa waken, ba zan ɓoye muku ba. Amma ga wanda ya rubuta, ku ji daga bakinsa."

Na kira Manaja na buɗe muryar wayar, ko da yake ban san da wace ƙafa ya tashi ba. Allah Ya taimake ni. Ya yi sallama, ya gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Alhaji, ni na rubuta da hannuna, laifin nawa ne. Ku gafarce ni. Garin da ya riƙe mu muna ƙanana ba zai zama asara ba."

Malam Garba ya sauke sandarsa. Ya ce, "To, ka ce masa mun ji. Amma nan gaba in zai yi mana magana, ya yi da baki."

Alhaji Isyaku ya miƙe. Ya kira wani daga cikin gida ya ce a shigar da tabarmar baƙo zaure. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin ana naɗe tabarma kamar ranar ba. A gidansa na kwana, na ci tuwon masara da miyar kuka har na ji kunya, don tun wainar Gwaggo ban sa komai a bakina ba.

Komawa

Da safe masu motocin wata jihar suka iso, suka sayi abin da suka samu, kasuwa ai ta kowa ce. Amma waken da aka saba ajiye mana yana nan a rumbun Alhaji, an ɗinke bakin buhuna. Na tsaya har aka fara lodi sannan na yi sallama.

A mota na yi ta tunanin dokokin da zan kafa a ofis, ko Manaja ya so ko ya ƙi. Ba saƙon da zai sake fita sai wani ya karanta shi da ƙarfi a gaban wani. Wanda abu ya shafa shi kaɗai za a aika wa. In kuma an yi kuskure, ba za a ce wa mutane ba su fahimta ba, mu ne ba mu faɗa da kyau ba.

Na iso gida ana kiran magariba, na sha kokon da na guje wa jiya. Godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, da Gwaggo Asabe, da mutanen Rogo masu saurin yafiya. Washegari na kai wa Manaja ƙullin da Alhaji Isyaku ya ba ni a bakin tasha. Ya kwance ya leƙa, fari sol, har da ƙuli-ƙuli a gefe.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Alhaji ya ce garin Rogo ne ya aiko maka da garin rogo. Wai ka jiƙa ka ci, ka gaya masa wanne ne asara."