Gaisuwar Suruki a Kilomita Talatin

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua, mu uku: ƙanena a ƙasa yana gudu, ni da kocinsa a kan babur. Kocin tsohon soja ne mai rowar magana, kuma sharaɗinsa ɗaya ne. In ƙanen nawa ya cinye kilomita arba'in da biyu a hanyar Malumfashi cikin awa biyu da rabi, zai kai shi gasar gudun yada ƙanin wani a Legas, cikin manya. In ya gaza, ya koma gonar masararsa. Shekara uku ke nan yana wannan buri, har dangi sun gaji da yi masa dariya.

Dabarar kuwa ita ce ya danne zuciyarsa, kada ya saki ƙafa sai an wuce kilomita talatin. Titin babu laifi, sai ramuka jefi-jefi da masarar da aka shanya a gefe. A Bakori masu acaba biyu suka yi masa tayin hawa kyauta, wata tsohuwa kuma ta tambaye mu abin da ya sata. Na sayi ƙosai, duk ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba.

Daidai inda zai saki ƙafar, wajen Ƙarfi, sai ga surukinsa zaune a kan buhu yana jiran mota. Raina ya ɓaci tun daga nesa, domin na san abin da zai biyo baya. Ƙanena ya ja birki, ya kwance takalma, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya mai sunan Malam? Wa ya biyo ka haka?"

Koci ya kafa wa agogo ido. Sai da aka gaida kowa har awaki. Minti huɗu.

Daga nan ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, amma ya isa da lattin minti biyu. Ya zauna a bakin kwalbati, ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama ni. Koci ya daɗe yana lissafi da yatsu, sannan ya dube ni.

"Alhaji, yana da suruki a Legas?"

"Babu."

"To, ya shirya kayansa."

Koci ya wuce da babur, mu kuma a motar haya muka dawo bayan azahar, ƙanena yana barci a kafaɗata. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka zaɓa wa Bakatsine hanyar gwaji, fara tambayar inda ya yi aure.