Gwangwanin da Inna Ta Ɗaura Mini

Wata Laraba ce a ƙarshen damunar 2012, gero ya fara ido a gonarmu ta bayan Nasarawa Burkullu, Baba ya ɗora ni bisa gadon itacen da ya kafa a tsakiyar gona, ya danƙa mini igiya. Igiyar ta ratsa gonar kusurwa zuwa kusurwa, an rataya mata gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Aikina ɗaya ne tak: in na ga tsuntsayen jan-baki sun sauko, in ja igiya su watse. Na ja, na yi ihu har murya ta dushe. Can sai ga wata hawainiya tana hawa karan gero, tana taku kamar mai tsoron ƙasa. Na ce bari in ga inda za ta canza launi. Wallahi ban san na sauko ba. Da na ɗago kai, rana ta karkata, gefen gabas na gonar ya yi baƙi da tsuntsaye.

Baba bai buge ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya murza zangarniyar da aka tsotse, ya ce wa Inna a gabana, "Wanga yaro ba ya iya aiki. Mi za ya ci in ya girma?" Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Dama a gida Mantau ake kirana. A aike ni sayen gishiri in dawo da ashana, a ba ni kiwon awaki in dawo da aljihu cike da magarya, awaki suna gonar mutane. A makaranta malaminmu yakan ce jikina ne kawai ke aji. Ba taurin kai ba ne, ina so in yi daidai har kuka nake yi a bayan rumbu, amma hankalina ba ya tsayawa inda na ajiye shi.

Inna ce ta lura da abin da kowa bai lura ba. Ta ce a wasan langa ba a taɓa kama ni ina gyangyaɗi ba, haka in ana ɗibar ruwa. Washegari ta bi ni gona da kanta, ta hana ni hawa gadon. Ta zuba tsakuwa a gwangwanin madara, ta ɗaura mini a ƙugu da tsumma. "Kai ba ɗan zama ba ne," in ji ta. "Yi ta kewaya gona. In ka ji gwangwani ya yi shiru, to ka tsaya ke nan, sai ka tuna abin da ya kawo ka." Yaran maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa an sa wa akuya ƙararrawa. Na ji kunya, amma na yi ta tafiya, kacau-kacau, har magariba. Sau da yawa fara ko gidan tururuwa sun tsayar da ni, shirun kuwa ya dawo da ni. Ragowar geron nan mun girbe shi, Baba ya ɗora mini dami a ka.

Sai da na girma wani likita ya gaya mini abin yana da suna, larurar ƙarancin tattara hankali ce, ba lalaci ba. Sanin sunan bai kore tsoro ba. An taɓa sallamata daga tsaron shago a Gummi saboda zama ya fi ƙarfina. Yanzu wani mai haɗa wutar sola a Anka ya yarda ya ɗauke ni, kuma waya ɗaya in na manta, batirin mutane ne zai ƙone. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma aikin na tsaye ne, na hawa da sauka, kuma na roƙi maigidan ya riƙa ba ni abu ɗaya, in gama, sannan na gaba.

Gonar nan yanzu ba ma iya zuwa kamar da saboda rashin tsaro, ina kewar ƙamshin geronta. Da na gaya wa Inna zan fara aiki, ta dube ni tana murmushi ta ce, "Mantau, ko in ɗaura maka gwangwani?" Na ce mata ta bar shi, har yau ina jin ƙararsa.