Sababbin Tayoyi a Gaba

Jiya na bi ta gaban shagon masu taya a bakin kasuwa ana sauke sababbi, warin robar nan ya daki hancina. Sai da na nemi benci na zauna. Mai shagon ya ɗauka jiri ne, har ya aiko min da ruwa. Ban iya gaya masa cewa tsoro ne ba, tsoron da ya girme shi, ya girmi shagonsa.

Ina 'yar yarinya lokacin, ban kai goma ba, a ƙauyenmu na ƙasar Zandam. Shekarun nan ne da kuɗin fetur ya fara gangarowa karkara, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi rediyo, mai babba ya sayi babur. Babanmu, da yake fataucin hatsi yake yi, ya sayi tsohuwar a-kori-kura. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son a gani. Ko sabuwar hula ya sa, sai ya bi ta doguwar hanya zuwa masallaci.

Gab da Mauludi, cikin tsakiyar bazara, ya je Kano ya dawo da tayoyi biyu irin waɗanda suka fara shigowa, masu waya a ciki. Na jikin motar kuwa tsofaffi ne masu zare. To ka san mu, sabon abu gaba muke sa shi: sabon kwano a saman jere, sabuwar tabarma a zaure. Haka Baba ya ɗaura sababbin tayoyin a gaba, ya juya fuskar motar ta kalli hanya, maƙwabta suna zuwa suna latsa su da yatsa suna sa albarka. Kwanakin da suka biyo baya kasuwannin kusa kawai ya ci, a kan burji, inda ba wanda yake gudu. Motar ba ta nuna komai ba.

Sai ƙanena ya kwanta. Bai daɗe da iya magana sosai ba, surutu gare shi kamar me. Zazzaɓi ya kama shi da yamma, kafin hantsin washegari wuyansa ya sandare, kansa ya koma baya. Ba wanda ya furta sunan ciwon, amma kowa ya san sanƙarau ne, don ya riga ya ɗauki yara a unguwarmu a wannan bazarar. Baba ya ce asibitin Birnin Kudu, yanzu-yanzu. Inna ta rungume shi suka shiga gaba. Ni da Kaka, mahaifiyar Baba, muka hau baya a kan tabarma, ina riƙe da buta da ƙwaryar kunu.

Muna barin burji muka hau kwalta, Baba ya taka mota. Nan na fara jin abin a jikina. Gaban motar yana tafiya sak, amma bayan, inda muke zaune, sai ya ja hagu a hankali, ya dawo dama, ya sake ja. Kunun ya fara zuba a cinyata. Ta gilashin baya ina hango hannun Baba yana ta gyara sitiyari, yana gyarawa tana ƙara kufce masa.

Ya tsaya. Ya bi notocin tayoyin ɗaya bayan ɗaya da sifana, duk a ɗaure suke. Ya daki kowace taya da ƙafa, ya ɗauko famfo ya ƙara wa na baya iska. Ya leƙa ƙarƙashi ko wani ƙarfe ya karye, bai ga komai ba. Ya ce mu matso jikin kan motar, ko nauyinmu ne yake jan ta. Muka matso, muka sake tashi.

Wannan karon ya fi muni. Wata babbar mota ta taho ta wuce mu, iskarta ta buge mu, sai kawai na ga itatuwa suna juyawa. Bayan motar ya wulla tsakiyar titi, ya dawo, ya sake wullawa. Buta ta fice daga hannuna, na ji ƙararta tana birgima a kwalta. Kaka ta danne ni da jikinta tana salati da ƙarfi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har fitsari sai da ya kufce min. Da ƙyar motar ta tsaya a gefen hanya, ƙafa ɗaya cikin rami.

Kaka ba ta kiran sunan Baba, ɗan farinta ne. Ta ce, “Kai wannan, ba lafiya ba. Akwai masu jan motar nan ta baya, ba sa so yaron ya isa.” Ta shiga tofa addu'a gabas da yamma.

Baba ya tsuguna a gaban motar. Ya daɗe yana kallon sababbin tayoyin nan. Can ya ce wa Kaka, “Ba iskoki ba ne. Ni ne. Mai tayar ya ce in ba zan sayi huɗu ba, in sa su a baya. Na yi masa dariya.” Sai da na girma na fahimci zancen. Masu wayar suna kama titi gam, suna bin sitiyari nan take, masu zaren kuwa sai sun lanƙwasa sun ɗan sulɓe kafin su bi. In ana gudu, baya ba ya iya bin gaba.

Zaɓi biyu ne ya rage masa: ya ja motar a hankali har Birnin Kudu, ko ya tsaya ya juya tayoyin, sababbin su koma baya. Ko wanne lokaci zai ci. Inna ta leƙo ta taga, fuskarta duk hawaye, ta ce, “Malam, ko me za ka yi, yi shi da sauri.”

Jak ɗaya gare mu. Ni na yi ta kwaso duwatsu ana tokare motar, suna ƙona min tafin hannu. Baba ya tuɓe riga, yana kwance noti yana haki, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Duk wannan lokacin ƙanena yana wani siririn kuka, muna aiki muna jin sa. Ana cikin ɗaura ta ƙarshe kukan ya ɗauke. Baba ya daskare da sifana a hannu, har sai da Inna ta ce, “Yana numfashi.”

Daga nan motar ta miƙe sak, ko gezau, har muka hango duwatsun Birnin Kudu. Rana ta riga ta karkata. A asibiti aka karɓi ƙanena, aka yi ta yi masa allura, Allah ya tashi kafaɗunsa. Sai dai da muka dawo gida, Inna ta kira shi ta baya bai waiwayo ba. Kunnen ya tafi, maganar ma ta bi shi a hankali. Ko jinkirin nan ne ya jawo, ko dama haka ciwon zai bar shi, ba wanda ya sani, kuma ba a taɓa tayar da zancen a gidanmu ba.

Yanzu akwai asibiti kusa da mu, akwai rigakafi, jikokina ba su san bazarar da ake ƙirga yara ba. Ƙanena ya yi furfura, yana da gonarsa da iyalinsa, muna hira da hannu. Ranar da Baba zai rasu ya sa aka kira shi, ya riƙe yatsunsa, ya ce min, “Gaya masa ya yafe min.” Na nuna masa. Ya dube ni da mamaki, ya buɗe tafukansa, wato laifin me? Shi abin da ya sani, shi ne ɗan gatan da kullum ake ɗauka a gaban mota. Har yau in muka zauna mu biyu yakan sake tambayata, ni kuwa ban samo yadda ake faɗin wannan da hannu ba.