Mama Janet Doguwa, Mai Kashe wa Talabijin Murya

Wanda ya ba mu ke shi ya karɓe ki, ba mu da ta cewa sai godiya. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Mama Janet Doguwa ta rasu a gidanta da ke Palladan a Zariya, bayan ta sha fama da ciwon suga. Ta bar 'ya'ya uku da jikoki, ta kuma bar mu da ba ta haifa ba amma ta ja wa kunne. Ni ce Lovelyn, 'yar maƙwabta, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata.

Mama, a Samaru an san ki malamar firamare, amma mu yaran layi da akwatin talabijin muka fara sanin ki. Baƙi da fari ne, eriyarsa a kan gora. Aaron, ɗanki na fari, shi ke juya gorar muna ihun "ya yi, ya yi!" Masu talabijin na lokacin rufe ƙofa suke yi, ke kuwa kullum da yamma sai ki fito da naki baranda, ki shimfiɗa mana tabarma.

Sai dai kallonki da sharaɗi. Daidai inda shiri ya ɗauki zafi, sai ki miƙa hannu ki murɗe muryar gaba ɗaya, ki nuna yaro ɗaya ki ce, "Kai, faɗa mana abin da suke cewa. Da Hausa." Ba zan yi miki ƙarya don kin rasu ba, mun tsani wannan hali. A bayan idonki Mama Kashe-murya muke ce miki. Ashe kin sani, har kina amsawa a zuci.

Sai da na girma na tambaye ki dalili. Kika ce a ƙauyenku kakarki kan ba ku tatsuniya, washegari ku mayar mata. "Shi wannan akwati ba ya jiran a mayar masa. Yaron da ya saba zama baki buɗe ana zuba masa, ko a aji haka zai zauna." Yau ina koyar da Hausa a wata sakandare a Basawa. Ina da ɗalibai da suka haddace kowace talla, amma a ce su ba da labarin abin da suka gani a hanyar makaranta, sai a yi ta sosa ƙeya.

Manya ma ba ki ƙyale su ba. In matan zumunta na cocinku suka biyo bayan sujada suka tarar ana muhawarar siyasa, sai ki kashe muryar ki ce, "Ku dubi fuskokin nan, ku nuna mini wanda ke sauraron wani." Ba a taɓa nuna miki ko ɗaya ba.

A barandar nan babu wanda ya kai Aaron iya labari, kuma bakin nan ne ya kai shi wata tashar talabijin a Kaduna, ya zama mai gabatar da muhawara. Ya yi suna da katse baƙi. Mutum na tsakiyar magana zai ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, Malam!" ya ba abokin gaba dama, a kaure da cacar baki. Maganar ta kama gari. A shagunan aski da teburan mai shayi na Sabon Gari ba mai kai zance ƙarshe, sai "Tsaya nan, Malam!" Har a ajina yara sun ɗauka. Ke kuwa ba ki taɓa fashin shirin ba duk Alhamis, amma ba murya.

Da labarin ya kai masa, ya zo Kirsimeti ransa a ɓace. "Mama, duk jihar nan ana ji na, ban da ke?"

"Ina ganin ka, ɗana, har ƙiba ka yi. Ranar da ka bar baƙonka ya kai aya, zan buɗe."

Ya ce in ba hayaniya ba mai kallo, in ba mai kallo ba aiki. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, ke ma kin sani, amma ba ki sauko ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ma bai sauko ba. Ya ɗauke ƙafa daga gida shekaru, sai aike da gajeriyar gaisuwa ta waya. Abin ya ci ki, Mama, kuma mun ji tsoron za ki tafi ba ku shirya ba.

Sai ciwon ya cinye idanunki. Duk Alhamis ki sa a kira ni, in zauna kusa da ke ina gaya miki launin rigarsa da yadda yake wurga hannu. Wata Alhamis cikin Fabrairu kika ce, "Lovelyn, buɗe muryar. Ido ya tafi, ba ni da wata hanyar ganin yaron nan." Na buɗe.

Baƙon ranar wani tsohon manomi ne daga ƙauyukan Zariya, ana zancen taki. Yana magana a hankali, yana laluben kalma. Na ga Aaron ya ɗaga hannu kamar kullum, sai ya mayar da shi kan tebur. Tsohon ya tsaya tunani, ɗakin shirin ya yi tsit.

"An ɗauke wuta ne?" kika tambaya.

"A'a, Mama. Aaron ne yake saurare."

Kika yi dariya, dariyar ta koma kuka. Kika ce in kira miki shi. Daga baya ya gaya mini bai san kina ji ba. Harshen tsohon ne ya tuna masa da mutanen ƙauyenku, ya kasa katse shi. Ban ce shirin ya gyaru daga ranar ba, talabijin yana nan yadda yake. Amma ran Asabar Aaron ya iso Palladan, ya durƙusa gaban kujerarki. Ba ki ce masa sannu da zuwa ba. Kika lalubo kansa kika ce, "Faɗa mini abin da tsohon nan ya ce. Da Hausa." Ya mayar miki da shi tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake komai ba, ke ma ba ki katse shi ba.

Ubangiji ya ji ƙanki, Mama, ya gafarta miki, ya ba ki hutu a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙannen Aaron, Japheth da Miracle, da jikoki, da matan zumunta, da dukan yaran baranda duk inda suka watsu. Allah ya ba mu haƙuri. Kai kuma Yaya Aaron, da ka riƙe ni a bakin kabari kana tambaya ko ta yafe maka: ina wurin ranar da ta ji ka, kuma har ta rasu ba ta sake cewa a kashe muryar ba.